ZAMAN DAJI BA MUTANE

Watan jiya mun yi magana bisa ajiyar iri. Na so in ci gaba da ita wanga wata, sai wani abu ya faru a makarantarmu wanda ya sa na juya akala. Amma za ku ga maganar iri ba ta bar mu ba.

Cikin ɗalibbaina akwai wani dattijo wanda ya ba shekara 60 baya. Kullum shi ne farkon zuwa, shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke share allo. Sai na yi kwana 4 ban gan shi ba. Ran na biyar bayan la'asar na tafi gidanshi. Na iske shi zamne shina tufkar igiya, ga kaya a ɗaure gefe guda: tukunya, gatari, hauya, gora da buzu.

Na ce: "Baba, lafiya? Tafiya za a yi ba sallama?"

Ya ce: "Zamna, malam. Na gaji da mutane."

Ashe rigimar iyakar gona ce ta haɗa shi da ɗiyan wanshi marigayi. An kai magana gaban maigari, an raba yadda bai so ba. Ya ce mini ba ƙasar ce ta ci mishi rai ba. Yaron da ya goya, ya yi wa aure, shi ne ya nuna mishi yatsa gaban jama'a. Matarshi ta rasu, ɗiyanshi mata suna gidajen mazansu. Ya ce: "Mi ya rage mini garin ga? Zan kora awakina in shiga daji, in kafa bukka inda ba ni jin ko tarin wani. Da zaman wulaƙanci gara zama da kuraye."

Ban yi mishi gardama ba, yaro ba ya yi wa babba wa'azi. Na dai roƙe shi, kafin shi tashi, shi saurari wani labari. Na fara jin labarin a radiyo, daga baya wani mushe na lakkwal ya samo mini shi a rubuce da faransanci, munka karanta tare. Ba tatsuniya ba ce. Mutanen an san su, an ɗauki hotonsu, an rubuta littafi bisa kansu. Ga shi kamar yadda na ba Baba.

INDA ABIN YA FARU

Ƙasar Rasha tana arewa mai nisa. A gabashinta akwai wani yanki da ake kira Siberiya, wanda shi kaɗai ya ninka ƙasarmu Nijar wajen sau 10. Daji ne na dogayen itatuwa da duwatsu da gulabe. Ba irin namu ba ne na ƙaya da rairayi. Can ruwa ba shi wuya, itacen wuta ba shi wuya. Abin da ke kisa shi ne sanyi. Ruwa shina daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka ga sifili, can kuwa yakan sauka har 40 ƙasa da sifili. Ƙanƙara tana rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Lokacin noma ɗan kaɗan ne, kamar wata 3.

Mai gidan sunanshi Karp Likof. Kirista ne, daga cikin waɗanda ake kira masu tsohuwar aƙida. Asalinsu shi ne, cikin shekarun 1650 shugaban cocin Rasha mai suna Nikon ya sake wasu littattafan addu'a da yadda ake ibada. Wasu sunka ƙi, sunka ce abin da sunka gada shi za su riƙe. Sarakunan ƙasar sunka matsa musu, da yawa sunka gudu cikin dazuzzuka. A 1917 anka yi juyin mulki, ƴan kwaminis sunka hau, su kuwa gaba suke da addini ko wane iri. Zamanin Stalin, cikin shekarun 1930, anka rufe wuraren ibada, anka tilasta wa manoma su haɗa gonakinsu ƙarƙashin gwamnati. Cikin wanga hali ne wasu ma'aikata masu sintiri sunka harbe ɗan uwan Karp. Shi kuwa ya ɗauki matarshi Akulina da ɗiyansu 2, Sabin da Nataliya, sunka shiga daji.

Ku lura, ƴan uwa. Ba zagi ya kore su ba, ba iyakar gona ba. Bindiga ce. Wanda ya gudu don shi tsira da ranshi da addininshi, ba mai ganin laifinshi.

Sunka yi ta ƙara nitsawa, suna kafa bukka suna tashi, har sunka tsaya jikin wani tsauni cikin duwatsun Sayan, kusa da wani gulbi mai suna Yerinat, ba nisa ƙwarai da iyakar Mongoliya. Tsakaninsu da gari mafi kusa wajen kilometir 250 ne, wato kamar daga Maradi zuwa Damagaram har da ɗan ƙari, ba hanya, ba ƙauye, ba ko ruga tsakani. Can anka haifa musu ɗiya 2 kuma: Dimitiri, da autarsu Agafiya wadda anka haifa a 1944. Waɗannan biyu sun girma ba su taɓa ganin fuskar wani mutum ba in ba ta ƴan gidansu ba.

ABIN DA SUNKA ƊAUKA, DA YADDA YA ƘARE

Ba hannu banza sunka tafi ba. Sun ɗauki iri. Sun ɗauki gatari da ƴan ƙarafan aiki, da kayan kaɗi da na saƙa, da tukwanen ƙarfe 2, da littattafan addu'a. Kuma ba raggaye ba ne. Sun sassabe jikin tsauni sun yi gona. Suna shuka dankalin turawa, da albasa, da wani wake ƙanana, da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi, da wani tsiro irin rama wanda suke saƙa tufafi da zarenshi, suna cin ƴaƴanshi. Takalmi kuwa da ɓawon itace suke yi. Wuta da ƙyastu suke hura ta. Daji shina ba su ƴaƴan itace da kifi.

Amma ƙarfe shina ci, shina tsatsa, ga shi ba maƙeri. Tukwanen nan 2 sunka hudu, sunka mutu. Sai sunka koma ga ƙoren ɓawon itace, shi kuwa ba a aza shi bisa wuta. Uwargida, diba ki gani: ga murhu, ga itace, ga ruwa, ba tukunya. Dahuwa ta zama wahala. Abincinsu na kullum ya koma dankali a cuɗe da garin hatsi da ƴaƴan ramar nan, a gasa.

Ba su da bindiga, ba su da baka da kibiya. Shekara da shekaru ba su ci nama ba, sai da Dimitiri ya zama saurayi. Shi ne ya koyi gina rami don dabba ta faɗa, ya koyi bin naman daji da gudu har shi gaji shi faɗi. Yaron ya yi tauri ƙwarai, yakan yi tafiya ba takalmi bisa ƙanƙara, shi kwana waje cikin sanyin nan. Duk da haka wata shekara dabba guda suke samu, wata shekara ba ko guda.

Gishiri kuwa, wanda sunka zo da shi ya ƙare tun da wuri. Wajen shekara 40 sunka yi suna cin abinci lami.

SHEKARAR YUNWA

Kowace shekara sai sun zamna sun yi shawara: a cinye abin da ya rage, ko a bar na iri? Wanga shawara ba baƙuwa ba ce gare mu. Tsofaffinmu sun yi ta a 1973 da 1984, ni ma na ga an yi ta gidanmu a 2005.

Wata shekara ƙanƙara ta faɗo musu cikin watan Yuni, lokacin da shuka ta fito. Sanyi ya ƙone gonar ƙurmus. Abin da ke rumbu ya ƙare. Sunka ci ɓawon itace, sunka ci fatar takalmi. Akulina ta riƙa barin rabonta don ɗiyanta su ci. Yunwa ta kashe ta a 1961.

Irin hatsinsu duka ya tafi cikin wannan masifa. Sai ga shi, da ikon Allah, ƙwaya guda ta tsiro cikin fagen wake. Guda tak. Sunka yi mata shinge, sunka riƙa tsaronta dare da rana don kusu da kurege. Da ta nuna sunka ƙirga ƙwaya 18. Ba su kai ko guda baki ba. Sunka shuka, sunka girbe, sunka sake shukawa, shekara bisa shekara, har hatsin ya komo.

Da na kawo nan sai Baba ya aje igiyar da shike tufka. Ya ce: "Waɗannan manoma ne na gaske."

Na ce: "Gaskiya ne, Baba. Amma a 2005, da irinka ya ƙare, ina ka samo na shuka?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "Tiya 3 wana ya auna mini." Wato uban yaran da suke rigima yanzu.

Bambancin ke nan. Mu ma muna yunwa, muna rasa iri. Amma akwai maƙwabci, akwai kasuwa, akwai bankin hatsi, akwai ɗan da ya tafi cin rani shi aiko da wani abu. Akulina ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Da akwai ƙauye kusa da ita, ko da na masu gulma ne, da wataƙila an auna mata tiya guda.

KARATU CIKIN DAJI

Ga wani abu da ya ba ni mamaki, ni da ke koyar da manya. Matar nan, cikin wahalar nan duka, ta koya wa ɗiyanta karatu da rubutu. Ba lakkwal, ba allo, ba kaye, ba bik. Littattafan addu'ar da sunka zo da su, su ne abin karatu. Alƙalami kuwa tsinken itace ne da anka fiƙe, tawada ruwan ƴaƴan wani tsiro.

Ta cikin littafi ne yaran sunka san akwai birane, akwai wasu ƙasashe, akwai doki, ko da shike ba su taɓa gani ba. Kuma sun riƙe lissafin kwanaki da watanni da shekaru, don kada ranakun ibadarsu su ɓace musu. Da dare in an gama aiki, hirarsu ita ce kowa shi faɗi mafarkin da ya yi. Ba baƙo, ba labarin kasuwa, ba biki, ba suna. Mafarki shi ne jaridarsu.

Ku da ke cewa kun tsufa da karatu, ko aiki ya yi muku yawa, ku tuna da Akulina.

RANAR DA ANKA GAN SU

A 1978 gwamnati ta aika masu binciken duwatsu su nemi tama a wannan yanki. Matuƙin jirgin sama mai saukar angulu shina neman inda za shi sauke su, sai ya hangi kunyoyin gona jikin tsauni, wurin da takardun gwamnati sunka ce ba kowa. Mutum 4 daga cikin masu binciken, shugabarsu wata mace mai suna Galina Pismenskaya, sunka hau da ƙafa. Sunka iske wata ƴar bukkar gungume, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, da ƴar taga guda. Wani tsoho ya fito, ba takalmi, tufafinshi maho bisa maho. Ya tsorata, amma ya ce su shigo tunda sun yi tafiya mai nisa. Matan 2 sunka fashe da kuka, suna tsammani azaba ce ta zo musu saboda zunubansu.

Baƙin sunka miƙa musu burodi da shayi, sunka ƙi karɓa. Ƙananan ba su taɓa ganin burodi ba. Yaƙin duniya na biyu, wanda anka gama a 1945, ya ci fiye da mutum miliyan 20 a ƙasarsu, ya zo ya wuce ba su san yadda anka yi ba. Sun dai lura tun ƙarshen shekarun 1950 da wasu taurari masu gudu a sama, tsoho Karp kuwa ya gane cewa aikin mutane ne. Amma da anka ce mishi mutum ya taka wata, ya ƙi yarda. Da ya ga leda sai ya yi ta juya ta, shina mamakin gilashin da ake dunƙulewa ba shi fashewa. Dimitiri kuma da ya ziyarci sansanin baƙin, abin da ya fi ɗaukar hankalinshi injin tsaga katako ne. Aikin da ke cin mishi yini guda ko biyu, ga shi ana gamawa kafin a ƙifta ido.

Kun san abin da sunka fara yarda su karɓa? Gishiri. Tsohon ya ce rashin gishiri shi ne azabar da ta fi kowace cikin shekarun nan. Daga baya sunka karɓi wuƙaƙe, da hatsi, da takarda da alƙalami, da cocila.

Ku tsaya ku yi tunani bisa ɗan gishirin da ke cikin miyarku ta yau. Wani ya haƙa shi a Bilma, ko ya dafa shi a wani wuri. Wani ya ɗora wa raƙumi ko mota ya ƙetare Tenere. Wani ya sara, wata ta kasa shi a kasuwa. Ba ka san ko guda cikinsu ba, wataƙila in kun haɗu ma ba ku shiri. Amma hannunsu shina cikin tukunyarka kowace rana.

MUTUWA TA SHIGA GIDAN

Cikin watannin ƙarshe na 1981, mutum 3 sunka rasu a jere. Dimitiri ciwon huhu ya kama shi. Masu binciken sunka roƙe shi su kira jirgi a kai shi likita, ya ƙi, ya ce aƙidarsu ba ta yarda ba. Bayanshi sai Sabin, sai Nataliya. Masana sun rabu biyu bisa dalili. Wasu sun ce ciwon ƙoda ne da mugun abinci na shekaru ya jawo. Wasu sun ce jikinsu bai saba da cututtukan mutane ba, shi ya sa da baƙi sunka fara zuwa bai iya karewa ba. Ko wanne ne, nisa da mutane shi ne tushen abin. Su ukun sun mutu ba su yi aure ba, ba su bar baya ba.

A 1982 wani ɗan jarida mai suna Basili Peskof ya fara buga labarinsu, ƙasar duka ta ji. Ya riƙa ziyartarsu shekara da shekaru, daga baya ya haɗa littafi. Anka samo danginsu a wasu ƙauyuka, sunka ce su komo gida. Tsohon ya ƙi. Ya rasu cikin watan Fabrairu na 1988. Agafiya ba ta iya gina kabari ita kaɗai cikin ƙasar da ta daskare ba, masu binciken duwatsu ne sunka taya ta binne ubanta.

Daga nan ta saura ita kaɗai, tana da shekara 43. An fita da ita ta ga gari, ta ga dangi, ta ce iska da ruwan gari ba su karɓe ta ba, ta koma dajinta. Ta ci gaba da noman dankali, da kiwon awaki da kaji, da kamun kifi, da ibada, ga manyan namun daji suna kewaya bukkarta. Macen da ta yi wannan, kowa ya sara mata.

Amma ku ji sauran. Awakin da kajin mutane ne sunka kawo mata. Ma'aikatan gandun dajin yankin sun riƙa kai mata gari da gishiri da abincin dabbobi, ta jirgin sama ko ta gulbi. Wani tsoho daga cikin masu binciken nan, mai ƙafa guda, ya zo ya kafa ɗaki kusa da ita, sunka yi maƙwabtaka har ya rasu a 2015. A watan Janairu na 2016 ciwon ƙafa ya kada ta, anka aiko jirgi ya kai ta likitar garin Tashtagol, ta samu sauƙi ta koma. A 2021 bukkarta ta tsufa, wani attajiri ya biya anka gina mata sabon ɗaki. Kuma duk lokacin da ƙarfi ya gaza mata, takarda takan ɗauka ta rubuta wasiƙa, tana roƙon a aiko mata wanda za shi taya ta sarar itace da yankan ciyawa. Karatun nan da uwarta ta koya mata da tsinke, shi ne igiyar da ta ɗaure ta da mutane.

ABIN DA NA GANE

Ba na kawo labarin ga don in yi wa mutanen nan dariya ba. Sun fi mu haƙuri, sun fi mu juriya, kuma abin da ya kore su babba ne. Amma ku ƙirga abin da ya raya su: iri, gatari, tukunya, kayan saƙa, littafi. Ba ko guda da daji ya ba su. Duka daga gari sunka ɗauko. Mai gudun mutane, mutane shike ɗauke da su a bayanshi, kuma kayan nan kullum raguwa suke, ba a ƙarawa. Ranar da sunka ƙare sai yunwa, sai ciwo ba mai magani, sai gawa ba mai binnewa.

Keɓewa kanta ba laifi ba ce. Mun san malamai masu shiga halwa don ibada. Amma halwa tana da kwanaki, kuma akwai almajirin da ke aje ruwa da ɗan abinci bakin ƙofa. Makiyayi shina wata da watanni a daji, amma ranar kasuwa ka gan shi ya zo sayen hatsi da kanwa. Maharbi shina kwana bisa itace, amma gida shike kawo naman. Mai tunga shina damana a gonarshi, da kaka shi komo. Duk waɗannan sun bar ƙofa buɗe. Wanda ya fita don fushi shi ke rufe ƙofa, shi jefa makulli rijiya.

Zaman gari da wuya, ban musa ba. Akwai gulma, akwai hassada, akwai bashin da ba a biya, akwai yaron da ka goya shi tashi shi ci mutuncinka. Hausawa sun ce zo mu zamna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba wanda ya taɓa barin baki. Kuma dajinmu na yau ba na jiya ba ne. Kuraye sun yi ƙaranci, ɓarayin dabbobi masu bindiga sun yi yawa a wurare da dama. Tsoho shi kaɗai da awaki, nama ne ya kai kanshi mahauta.

Mu kuma da ke cikin gari akwai namu laifi. Dattijo ba ya ɗaure kaya ran nan guda. Sai ya jima shina haɗiye magana ba wanda ya kula. Ni kaina kwana 4 na yi kafin in taka gidan Baba, ga shi tsakaninmu bai kai tafiyar shan ruwa ba. In kun ga wani ya daina fitowa dandali, ya daina zuwa masallaci ko makaranta, ya fara cin abinci shi kaɗai, kada ku ce halinshi ne. Ku je ku gaishe shi. Wani shina cikin gari amma zaman daji shike yi.

YADDA MUNKA ƘARE DA BABA

Da na gama ba ya ce komi ba sai: "Allah shi ji ƙan matar nan." Na yi mishi sallama na tafi. Na biya wajen liman da wasu dattawa 2, na gaya musu abin da na gani. Sunka kira yaron sunka yi mishi faɗa. Ya zo ya durƙusa ƙofar gidan baffanshi. Baba bai fito ba, amma bai kore shi ba.

Ba zan ce muku an shirya ba, don ba a shirya ba tukuna. Maganar iyaka tana nan, dattawa sun ce za su sake zagaya gonar kafin ruwa shi sauka. Amma ran Litinin da ta wuce na iske tabarmi a shimfiɗe, allo a share. Baba shina zamne can baya, ba wurinshi na gaba ba. Da na ce kowa shi rubuta kalma guda da ya ga dama, ya miƙo mini allonshi. Ya rubuta "gishiri", kuma bai yi kure ko guda ba. Kayan dai har yanzu a ɗaure suke, na gani da idona. Tukunyar kaɗai ya kwance.

Na nemi izninshi kafin in rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma kada in faɗi sunanshi ko na garinmu.

DON TATTAUNAWA A MAKARANTUNKU

Malamai, in kun karanta wa ɗalibbai, ku yi musu waɗannan tambayoyi:

1. Cikin kayan da ke ɗakinka, wanne ne ka yi da hannunka tun daga farko har ƙarshe, ba hannun wani ciki?

2. Shekarar da irinka ya ƙare, wa ya ba ka? Ka taɓa komawa ka gode mishi?

3. A garinku akwai wanda ya janye jikinshi daga mutane? Wa ya kamata shi fara zuwa wurinshi?

4. In rigimar gona ta tashi tsakanin ƴan uwa, mi za a yi don kada wanda anka kayar shi ji an wulaƙanta shi?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ko da layi 3 ne. Ku ba malaminku shi aiko. Waɗanda sunka fi ma'ana za mu buga su. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ga maganar iri: yadda ake zaɓen zangarniya tun a gona, da yadda ake tsare wake daga ƙwari.

Allah shi ba mu haƙurin zama da juna. Ku huta lafiya.

Naku, malamin yaƙi da jahilci.